Yatsa Uku a Sandar Malam Tanimu

"Abba, don girman Allah ka tsaya ka ji ni, ko sau ɗaya ne."

Rumasa'u ce durƙushe a tsakiyar falon gidansu da ke Kubwa, gyalenta ya zame ya faɗo kafaɗa, hawaye wani na korar wani. Alhaji Hamisu kuwa ko kallonta bai yi ba. Hularsa yake gyarawa a madubi, ya sha toka kamar bai taɓa dariya ba.

"Na ji ki ai," ya ce. "Wata guda cur ina jin ki. Tela kike so, ni kuma na ce ban haifi matar tela ba."

"Abba, Musbahu fa ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Sana'arsa yake yi tsakaninsa da Allah. Kai da bakinka ka sha yabon ɗinkinsa."

"Na yabi ɗinki, ban ce zan ba shi 'ya ba!" Ya juyo a fusace. "Yaron da ubansa ya zo garin nan yana dako a Mararaba? Shi kansa jiya-jiya ya daina yawo da keken ɗinki a ka, yana kaɗa almakashi layi-layi. Shi zan zaunar a gaban mutane in ce ga surukin gidan Tanimu? Na kai ki jami'a, na sa ki a shago tun kina shekara tara, sai yanzu kina da ashirin da shida za ki zubar min da mutunci a Wuse?"

Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Gobe Asabar bayan azahar mahaifin Salisu zai zo, zan ba shi amsa. Yaro ya yi karatun kasuwanci a waje, ga shi cikin wata ɗaya ya mayar min da shago kamar banki. Shi zai riƙe ki, shi zai riƙe shagon. Na gama magana."

Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Rumasa'u ta kifa kanta a kan kujera ta yi ta kuka har sai da kanta ya fara sarawa. Abu biyu take so a duniyar nan bayan iyayenta, Musbahu da shagon kakanta, kuma gobe iwar haka za a raba ta da su duka.

Shagon da ake magana ba ƙaramin shago ba ne. Duk wanda ya san layin 'yan yadi a kasuwar Wuse ya san Tanimu da 'Ya'yansa: ƙofa biyu, kanta har rufi, shadda gefe guda, leshi gefe guda, farin yadi da boyel a tsakiya. Malam Tanimu ne ya kafa shi, shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarsa. A jikin bango akwai hotonsa da babbar riga, a ƙarƙashin hoton kuma ƙusa guda, wadda ake rataye tsohuwar sandar awonsa. Sanda ce ta icen maɗaci, hannu ya goge ta har tana sheƙi, an rufe bakinta ɗaya da tagulla. Ba a taɓa yanka ko ƙyalle a shagon nan da wani ma'auni ba sai ita.

Da ita Rumasa'u ta koyi awo. Da ita kuma take auna wa Musbahu shadda ranar da ya fara ce mata, "Ke dai hannunki yana da albarka," ta ce masa albarkar ta sanda ce, ya ce to shi dai mai riƙe da sandar yake nufi. Rumfar ɗinkinsa tana fuskantar shagon, ƙaramar hanya ce kawai a tsakani. Shi ya sa da maganar ta fito fili Alhaji ya hana ta zuwa kasuwa gaba ɗaya, ya ɗauko Salisu ɗan amininsa ya ɗora a kan kujerarta.

Wayarta ta yi ƙara. Ko ba ta duba ba ta san shi ne.

"Kin sake yin kuka," in ji Musbahu, tun kafin ta gama amsa sallama.

"Gobe ne, Musbahu. Gobe bayan azahar. Ka ce wani abu mana! Kullum haƙuri, kullum addu'a. Ba ka da abin da za ka yi?"

Ta ji ajiyar zuciyarsa.

"Akwai abin da na sani, Ruma. Amma in ya fito daga bakina cewa za a yi kishi ne, ina neman ɓata abokin takara. Ba zan shiga gidanku ta wannan ƙofar ba."

"Mene ne?"

"Ki yafe min."

"To ka riƙe mutuncinka, ni kuma in tafi gidan wani!" Ta kashe wayar, ta jefa ta kan kujera.

Kai, namiji mai kunya akwai ban haushi a ranar da ake neman mai baki! Ta zauna tana huci, sai kuma ta miƙe zumbur. Mahaifiyarta ta leƙo daga kicin tana tambayar ina zuwa, ta ce, "Gwagwalada, Umma." Umma ta kalle ta, ta kalli ƙofa, ta kwance bakin zaninta ta miƙa mata kuɗin mota.

Hajiya Batulu, mahaifiyar Alhaji Hamisu, ta ƙi barin tsohon gidan mijinta na Gwagwalada. An yi, an yi, ta ce ita ba za ta zauna inda maƙwabci ba ya sanin an yi haihuwa a gidan maƙwabcinsa ba. Rumasa'u ta same ta a gindin mangwaro tana tsince wake.

"A'a, yau 'yar birni ce a ƙauye? Wa ya mutu? Ko mijin da kike ta jira ne ya fasa?"

Rumasa'u ta faɗa jikinta ta fashe da kuka. Tsohuwa ta ture farantin wake, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "To share majinar nan daga zanina ki yi min bayani."

Ta kwashe komai ta faɗa mata, tun daga shaddar farko har maganar safiyar yau. Hajiya tana ji tana gyaɗa kai, har aka zo kan "ban haifi matar tela ba." Nan hannunta ya tsaya cak.

"Maimaita min. Me ya ce?"

"Ya ce bai haifi matar tela ba, Kaka."

"Shi wannan ɗin?" Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Shi da bakinsa? Ikon Allah!"

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta ɗauki wake guda ta jefa wa kaza.

"Ni ban san yaron nan naki ba, kar ki ɗauka na goyi bayanki. Wataƙila shashasha ne, ku 'yan yanzu murya mai daɗi kawai kuke bi. Amma ke 'yar shago ce, a shago aka yaye ki, a shago za a yanke maganarki. Kira min uban naki a wayar nan taki, ki ce gobe da hantsi ina nan tafe Wuse. In ya isa ya ba da ke kafin in iso."

Washegari ƙarfe goma da rabi suka shiga layin 'yan yadi, tsohuwa tana dogara lema, jika tana biye. 'Yan kasuwa sai tashi suke suna gaisuwa: "Hajiya Babba! Yau a gari?" Rumasa'u ba ta yarda ta kalli rumfar da ke ɗaya gefen ba, amma ta ji keken ɗinkin ya tsaya.

Shagon ya canja, ba ƙarya. An sa fitilu masu haske, an jera yadi launi-launi, har da na'urar sanyaya ɗaki. Salisu ya taso da fara'a cikin farar shadda mai maiƙo, turarensa ya riga shi isowa.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kin ga yadda muka gyara wuri? Yanzu komai a kan tsari yake tafiya."

"Na gani," ta ce, ta zauna a kujerar da Alhaji ya jawo mata da kansa yana durƙuso. Alhaji sai murmushin yaƙe yake, ya harari 'yarsa ta gefen ido.

Ita kuwa Rumasa'u idonta yana kan ƙusar nan. Wata guda rabonta da sandar. Ba ta san lokacin da ta miƙa hannu ta ciro ta ba, ta ɗora gindin sandar a kan hancinta ta miƙe hannu yadda ta saba tun tana yarinya.

Ta sake gwadawa.

Shekara goma, tun da tsawonta ya tsaya, bakin sandar nan yana wuce ƙarshen yatsanta. Yau yatsanta ne ya wuce. Ta juyo da ita: babu tagulla, sai sabon yanka fari fes an shafe shi da man katako.

"Abba," ta ce, "wa ya yanke sandar Malam?"

Hajiya Batulu ta miƙo hannu, aka ba ta. Ta shafa wurin yankan da babban yatsanta.

Salisu ya yi dariya, ya gyara agogo. Shi a ganinsa ranar yabo ce ta zo.

"Ni ne, Hajiya, da izinin Alhaji. Sati uku ke nan. Na gwada ta da tef ɗin awo na ga ta fi yadi tsawo da kusan yatsa uku. Ki duba fa, a duk yadi goma sha takwas sai an ba da guda kyauta, shekara da shekaru ba wanda ya lura! Mutanen da ba su da kayan awo na ƙwarai, ba laifinsu ba ne. Na kai wa kafinta ya daidaita ta."

"Ya daidaita ta," in ji Hajiya a hankali. Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma ka yarda."

"Hajiya, ai kuskure ne aka gyara..."

"Oga Alhaji! Ina Oga Alhaji?"

Wata mata ce ta kutso kai, ƙatuwa, tana gumi, da ƙunshin shuɗin yadi a hammata. Madam Lucia ce, shugabar matan zumunta ta wani coci a Mararaba, tsohuwar mai sayayya a shagon. Ta zube ƙunshin a kan tebur, ta ga Hajiya, ta rusuna.

"Mama, sannu, gara da na same ki. Shekara ashirin da biyu ina saya a wannan shago, tun Baba yana da rai. Ban taɓa dawo da kaya ba. Yanzu mata talatin, zani talatin, yadi bibbiyu kamar kullum. Mun wanke shi sau ɗaya, Mama, sau ɗaya! Duba."

Ta warware guda ta ɗaura a kan siket ɗinta. Bakin zanin da ƙyar ya haɗu, tana ɗaga ƙafa ya buɗe.

"Haka za mu shiga coci ranar godiya? Mata suna cewa na ci kuɗinsu na sayo rabi. Ni Lucia!"

Salisu ya zaro tef daga aljihu da sauri. "Madam, yadi biyu cif aka yanka miki, ni na auna da hannuna. In ya tsuke a wanki wannan matsalar kamfani ce, ba tamu ba."

"Ni ban san kamfani ba, Tanimu na sani!"

Mutane sun fara taruwa a bakin ƙofa. Alhaji Hamisu ya cire hula ya mayar, zufa tana keto masa duk da sanyin na'ura. Hajiya Batulu ta buga lemarta a ƙasa sau ɗaya.

"Tambaya ɗaya zan yi. Kai mai karatun waje, me ya sa sandar nan ta fi yadi?"

"Kuskuren kafintan da ya sassaƙa ta ne, Hajiya."

"Kai fa, mai shago? Shekara talatin kana cin abinci da ita."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Ni dai haka na tashi na gan ta. Na ɗauka ko gyara ce irin ta mutanen da."

"Ke fa, sarkin kuka?"

Rumasa'u ta girgiza kai. Wallahi ba ta sani ba. Amma maganar jiya ta faɗo mata a rai, wadda ta sa ta kashe waya. Ta ɗago ta dubi mahaifinta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ban sani ba, Kaka. Amma na san wanda ya sani. Abba, ka ba ni izini a kira Musbahu."

"Ke! A gabana?"

"A kira shi," in ji Hajiya. "In bai sani ba, ni da kaina zan ce ta haƙura."

Rumasa'u ta jingina da kantar yadi. Ta saka rayuwarta gaba ɗaya a kan maganar da ba a ma faɗa mata ba, in ta kuskure shi ke nan.

Madam Lucia ce ta leƙa waje ta ƙwala kira. Musbahu ya tsallako, dogo, siriri, da tef rataye a wuya da zare maƙale a gaban rigarsa. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa ya gai da Hajiya, ya gai da Alhaji. Alhaji ya amsa da hanci.

"Kai ne telan?" in ji tsohuwa. "Ba ka da wani kyau ma. Me ya sa sandar mijina ta fi yadi?"

Musbahu ya dubi sandar a cinyarta, ya dubi Salisu, ya mayar da kai ƙasa.

"Hajiya, ni yaro ne, ban ga Malam ba. Abin da hannuna ya gaya min kawai zan faɗa."

"Faɗi."

"Auduga tana shan ruwa ta tsuke. Duk telan da yake tsoron Allah yakan jiƙa yadi ya shanya kafin ya sa almakashi. In mutum ya kawo min yadi biyar daga wani shago, na jiƙa, sai in tarar ba biyar ba ne, dole in ci hannun riga ko in hana shi aljihu. Amma in daga nan ne, bayan ya bushe sai in auna in ga biyar cif, ba ƙari ba ragi. Na gwada ya fi sau ɗari. Wanda ya sassaƙa sandar nan bai yi kuskure ba, Hajiya. Ya auna abin da ruwa zai ci ne ya ƙara a kai, don abin da mutum ya saya ya zama shi zai sa a jikinsa. Shi ya sa duk telolin layin nan, da na Garki, da na Mararaba, nan muke turo mutane. Ba mu taɓa faɗa wa kowa dalili ba, mu dai mukan ce je ka wurin Tanimu."

Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ku gafarce ni, wannan lissafin ba na ɗan kasuwa ba ne. Sai wanda ya taɓa zama a kan keke."

Hajiya Batulu ta rufe fuskarta da gefen mayafi. Kafaɗunta suka fara rawa. Rumasa'u ba ta taɓa ganin kakarta tana kuka ba, ko ranar rasuwar Malam.

"Rabon ruwa," ta ce da ta buɗe fuska. "Haka yake kiransa. Rabon ruwa."

Ta juya wajen Alhaji, idonta jajir.

"Kai da ba ka haifi matar tela ba, to matar tela ce ta haife ka. Ko ka manta ne, ko ka mantar da kanka? Lokacin da muka zo Gwagwalada babu Wuse, babu Garki ta yanzu, daji ne da Gwari da gonakin doya. Ubanka keke yake ɗauka a ka, yana bin leburorin da ke fasa hanya yana yi musu faci, ni ina biye da kai a goye ina riƙe masa zare. Wuyansa har ya mutu bai miƙe daidai ba. Kullum sai an kawo masa yadi ya jiƙa ya ga bai kai ba, mai kaya ya zage shi ya ce tela ɓarawo ne. Ranar da wani ya mare shi a kan hannun riga, ya dawo gida ya ce min, Batulu, in Allah ya ba ni tebur, ba za a sake marin tela saboda yadina ba. Na sayar da akuyata biyu da kwanukan aurena, ya sayo bandir uku. Ya sare reshen maɗaci da hannunsa, ya jiƙa yadi ya auna, ya sake jiƙawa ya sake aunawa, sati guda yana yi kafin ya yanke sandar nan. Tagullar bakin, warwarona ne aka narka."

Ta numfasa.

"Daga tebur a gindin mangwaro muka koma rumfar kwano a Garki. Aka rushe, muka kwashe. Aka sake rushewa, muka sake kwashewa. Gobara ta ci mu sau ɗaya, da sandar nan kaɗai ya fito a hannu. Kana tsammani fitila ce take kawo mutane shagon nan? Yatsa ukun nan ne suka gina maka gida a Kubwa, su suka kai ka Makka. Ka bari an sa musu zarto."

Alhaji Hamisu ya zame daga tsaye ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, babbar riga da komai, a gaban 'yan kallo.

Salisu ya yi tsuru-tsuru. Ba mugu ba ne, a gaskiya, sani ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Hajiya, wallahi ban sani ba. Da na tambaya..."

"Da ka tambaya," ta ce. "Ina guntun?"

"Na bar shi wurin kafinta. Ina jin an share."

Sai Musbahu ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa. Ya fito da wani abu naɗe a ƙyallen shadda, ya warware a tafin hannunsa. Guntun maɗaci ne, tsawon yatsa uku, da hular tagullarsa.

"Obadiah kafinta abokina ne," ya ce. "Na je karɓar kujera na gan shi cikin shara, na gane shi. Sati uku yana aljihuna."

"Ka sani ka yi shiru?" Muryar Alhaji ce, a dishe.

"Baba, in na zo muku da shi a lokacin, me za ku ce? Na dai riƙa ce wa masu kawo min ɗinki su ƙara rabin yadi in za su saya a nan, don kar sunan shago ya ɓaci. Na Madam ne ya wuce ni, ba a layin nan aka yi mata kalmasa ba."

Rumasa'u ta toshe bakinta da gyale. Wannan karon kukan daɗi ne, kuma ba ta damu da wanda ya gani ba. Jiya ta kira shi mara baki a zuciyarta, ashe shi yana can yana tare wa gidansu mutunci ba tare da an sa shi ba.

Madam Lucia ta tafa hannu. "Oga Alhaji, ni ban san abin da ke tsakaninku ba, amma in ba ka son wannan yaro, ina da 'ya a gida!"

Dariya ta ɓarke a bakin ƙofa. Har Hajiya sai da ta murmusa tana share ido.

Alhaji ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe, hoton mahaifinsa ya fara kallo, sannan ya juya wajen Salisu ya dafa kafaɗarsa.

"Laifina ya fi naka, ni na ba ka izini. Je ka gida. Zan kira mahaifinka da kaina in ba shi haƙuri, kar ya wahalar da kansa zuwa anjima."

Salisu ya gane. Ya ajiye makullan shago a kan tebur, ya yi sallama, mutane suka dare ya wuce.

"Rumasa'u," in ji Alhaji, bai kalle ta ba. "Sauko da shuɗin bandir. A sake yanka wa Madam zani talatin, na shago ne."

"Da wace sanda, Abba?"

Ya karɓi sandar daga hannun mahaifiyarsa ya miƙa mata. Sannan ya dubi Musbahu, wanda har yanzu yake durƙushe da guntu a tafin hannu.

"Tashi ka riƙe mata bakin, kafin a kai wa maƙeri ya haɗa." Ya yi gyaran murya, ya kau da kai wajen kanta kamar yana neman wani abu. "In kun gama, ka gaya wa mahaifinka ina son ganinsa. Ya zo da manyanku ranar Juma'a."

Wata mata a waje ta rangaɗa guɗa, Madam Lucia ta karɓa da tata irin. Layin 'yan yadi gaba ɗaya ya ɗauka, teloli suna buga almakashi a kan tebur.

Rumasa'u ta shimfiɗa shuɗin yadi a kan tebur. Ta ɗora sandar. Musbahu ya kawo guntun ya manna a bakin yankan ya danne da babban yatsa, tagulla ta koma inda take shekara arba'in da wani abu.

"Ɗaya," ta ƙirga, ta ja yadi.

"Kin yafe min jiya?" ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa a kan sanda.

"Biyu. Ban yafe ba. Sai ka ɗinka min kayan lefe da hannunka."

"Har da aljihu."

Ta danne dariya, ta ɗauki almakashi. Sai suka ji lema ta sauka a kan tebur tsakanin hannunsa da nata.

"Kai tela," in ji Hajiya Batulu, "ja hannunka baya. Sanda aka ce ka riƙe, ba a ɗaura ba tukuna."